Ɗinkin Yaya Bilki

A gidanmu, in mutum zai ƙetare boda, ba ya riƙe takardunsa a hannu. Ɗinke masa su ake yi. Tun ina ƙarama nake ganin Inna tana yi wa Baba. Sai ta yanko ƙyallen atamfa, ta naɗe fasfonsa a ciki, ta bi bakin da zare da allura tana motsa leɓe, sannan ta sa igiya ya rataya a wuya, ƙarƙashin riga. Ba ya warware zaren sai ya tsaya gaban masu duba takardu a Magama. Inna ta ce duk addu'ar da ta yi tana cikin ɗinkin, in aka buɗe a gida, to a gida za ta zube.

Baba direban tirela ne. Shekara goma sha tara yana kai albasa da wake Kwatano da Lome da Kumasi, kuma duk tafiyar da ya yi ya dawo. Ciwon da ya ɗauke shi a kan gadonsa ya same shi, a nan Jibiya, ina aji uku na firamare.

Abin da ya bar min shi ne tsohon fasfonsa. Ba wai ya ce nawa ne ba, ni na tsince shi a ƙasan akwatin Inna. Na karanta shi fiye da duk littafin da na taɓa karantawa, ni da ko takardar da aka ƙunso ƙosai ba na yarwa sai na duba abin da ke jikinta. Hatimi a kan hatimi, wani ja, wani shuɗi, wani ya dushe sai an karkata shi wajen haske. Na kwafe sunayen garuruwan a bayan littafin lissafina, na ja layi daga wannan zuwa wancan. Maraɗi, Yamai, Gaya, Kwatano, Lome, Akkara, Kumasi. Na ce wata rana sai na bi layin nan da ƙafata.

Duk wanda ya san ni zai yi dariya. Ni ce wadda in waya ta yi ƙara sai na bari ta katse, sannan in tura saƙo. Ni ce nake tsara abin da zan ce wa mai kayan miya tun daga ƙofar gida. Amma da na gama bautar ƙasa, sai na yi fasfo, na yi allurar shawara aka ba ni katin, na je gwanjo a Katsina na sayo wata ƙatuwar jakar goyo mai igiyoyi kamar na sirdi. Wata huɗu na tsara zan yi, ni kaɗai.

Inna ta ce a'a. Ta faɗa sau ɗaya, ta sake faɗa, daga nan ta daina amsa min in na ɗauko maganar.

Yaya Bilki ce ta tsaya min. Shekara tara ta ba ni. Da Baba ya rasu ita ta bar makaranta ta hau keken ɗinki, kuma ƙarar keken nan ita ta kai ni har jami'a. Shekara biyu muna shirin tafiyar nan tare. Ita ta nemo min lambar wata ƙawarta da ke aure a Yamai. Ita ta ƙara wa jakar aljihu biyu a ciki, ta sake bin igiyoyin da zare mai ƙarfi. Ita ta zauna gaban Inna ranar wata Juma'a ta ce, "Inna, ɗiyar nan ba yawon banza za ta ba. Hanyar ubanta za ta bi. In kin hana ta yau, sai ta tsufa tana kallon takardu." Sai da aka kira la'asar sannan Inna ta ce, "Allah shi tsare." Iyakar izinin ke nan, kuma ya ishe ni.

Ana gobe zan tafi, bayan la'asar, muka zauna a tsakar gida za a yi ɗinkin. Idon Inna ya yi rauni, ba ta ganin kafar allura, saboda haka aka ce Yaya Bilki ta ɗinka, Inna ta yi addu'ar daga kan tabarmarta. Na miƙa wa Yaya sabon fasfona, ko lanƙwasa bai yi ba.

"Kai, ji hoton," in ji ta. "Kamar an ce miki ga kura nan bayan mai ɗauka."

"Cewa suka yi kar in yi murmushi."

"Ba su ce ki zaro ido ba ai." Ta lalube gwangwanin zarenta. "Sumayya, tashi ki sawo reza sabuwa wurin Sadisu mai shago. Da ita za ki yanke zaren gobe, kar ki je kina cizo da haƙori gaban mutane."

Na tafi na dawo, bai fi minti goma ba. Na tarar ta riga ta naɗe shi cikin atamfa ruwan goro, tana bin gefe na biyu. Ɗinkin Yaya Bilki ba a ganin inda ya fara. Ta gama, ta cije zaren, ta rataya min a wuya da hannunta, ta tura shi cikin rigata ta dafa wurin.

"Kar ki kuskura ki buɗe sai gaban tebur," ta ce.

"Na sani, Yaya."

"Na san kin sani. Faɗa nike."

Da safe Inna ta ba ni dambun nama a leda biyu, ba ta dube ni ba. Yaya ta raka ni har tasha, ita ta ɗauki jakar a kai kamar tulu, wai ba za ta iya kallona ina tafiya kamar kunkuru ba. Ta rungume ni. Har yau ina tuna cewa ba ta yi kuka ba, kuma a lokacin na ɗauka ƙarfin hali take koya min.

Motar Malam Ɗanladi na shiga. Shi ne yaron motar Baba a da, yanzu gemunsa ya fara fari, yana jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi. Ya ɗaga jakar ya ajiye, ya sake ɗagawa.

"Ɗiyar maigida, mi kika zuba ciki? Turmi?"

"Littattafai ne kaɗan."

"Kaɗan! To Allah shi sa jandarmomin Nijar su iya karatu."

Mu bakwai ne a motar. Wata tsohuwa mai buhun kuka ta tambaye ni wurin wa zan je a Maraɗi. Na ce wucewa zan yi. Ta ce zuwa ina? Na ce Kumasi, amma sai na zagaya. Ta dube ni, ta dubi jakar, ta matsar da buhunta.

Daga Jibiya zuwa Magama ba wata tafiya ba ce. Na sha zuwa wurin, amma ban taɓa zuwa a matsayin mai ƙetarewa ba. Tireloli sun yi layi a gefen titi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna shan shayi. Masu canji suna kaɗa sefa a fuskar duk wanda ya sauko. Sauran fasinjojin ko motsi ba su yi ba, 'yan gida ne, kullum suna hanya, an san fuskokinsu. Ni kaɗai na fito, don ni hatimi nake so. In babu hatimin fita daga nan, babu wanda zai buga min na shiga a can gaba.

"Yi maza," in ji Malam Ɗanladi. "Ina nan wajen mai shayi."

Mace na tarar a bayan teburin, babba, da tabarau a kan hanci. Na yi sallama, na gaishe ta da gaisuwar da na yi ta maimaitawa a raina tun daga tasha.

"Ina zuwa?"

"Maraɗi, Hajiya. Daga nan Yamai."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai."

Ta ɗago ido ta saman tabarau. "Kawo fasfo."

Na juya baya kaɗan, na jawo ƙunshin daga cikin riga, na fito da rezar. Hajiyar ta yi 'yar dariya ta ce rabonta da ganin wannan tun tsofaffin direbobi. Na yi bisimilla na yanke zaren. Ɗinkin ya yi ƙarfi, sai da na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Koren bango ya leƙo. Ban ko duba ba, na miƙa mata da hannu biyu.

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo min da shi.

"Wane ne wannan?"

Baba ne. Da hularsa da ta karkace, da ɗan tabon da ke gefen girarsa. Shafukan sun yi laushi saboda yawan juyawar da na yi musu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na girgiza ƙyallen, kamar wani fasfon zai faɗo daga ciki. Na duba ƙasan tebur.

"Magana nike miki. Wane ne?"

"Babana ne. Ya rasu."

"Kin zo ƙetare boda da fasfon mamaci." Dariyar nan ta bar fuskarta. Ta ajiye fasfon ta ɗora hannu a kai. "Zauna nan. Wa ya turo ki? Wa zai tarbe ki a can? An ce miki akwai aikatau a Agadas ko a Libiya?"

"A'a, Hajiya, wallahi yawon ganin ƙasa zan je."

"Yawon ganin ƙasa." Ta kira wani abokin aikinta. "Zo ka ji wata sabuwa."

Ban ga laifinta ba, ko a lokacin. Na san irin 'yan matan da ake tsarewa a wurin nan, da irin jakunkunan da suke ɗauke da su. Amma mutane sun fara leƙowa ta taga, ni kuma duk bayanin da na tsara shekara biyu ya gudu ya bar ni. Na fito da katin allura, na fito da takardar bautar ƙasa, na fito da littafin lissafin nan mai layin garuruwa, ya suɓuce min ya faɗi ƙasa.

Malam Ɗanladi ne ya cece ni. Ya shigo da kofin shayinsa, ya ga hoton da ke kan tebur, ya ajiye kofin.

"Hajiya, wanga maigidana ne, Malam Ahmadu. Shekara shida ina bayan motarsa. Wagga kuwa ɗiyarsa ce ta cikinsa, gidansu na bayan makarantar firamare. In ƙarya nike ki karɓe lasina."

Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Daga ƙarshe ta turo min fasfon Baba ta ce in je in zo da nawa, in da gaske ina da shi.

A waje Malam Ɗanladi ya sauke min jakata daga but ɗin motar. Fasinjoji sun fara mita.

"Ki ji," ya ce, "in Maraɗi ce, ga masu babur can, su bi da ke ta gonaki, minti ashirin kin tsallaka, in same ki gaba. Kowa haka shika yi."

"Daga Maraɗi fa, Malam? In na kai bodar Gaya in nuna musu me?"

Ya sosa gemu. "To wa ya ɗinke miki abin ga?"

Na ɗauki jakata. Na tsayar da mai babur ya mayar da ni Jibiya.

Duk hanyar komawa Inna nake zargi. Na ce ita ce, ita ta sa Yaya dole da na tafi sayen reza. Har na tsara abin da zan ce mata, cikin ladabi, yadda ba zan yi kuka ba. Yaya Bilki ko zuwa raina ba ta yi ba, sai dai tausayinta da na ji, na ce ko yaya ta kwana da wannan nauyin.

Azahar ta kusa na shiga gida. Inna tana zaune a inuwar ɗaki tana jan carbi. Yaya tana bakin murhu, ta juya baya, tana kwashe shinkafa da wake. A gabanta kwano uku ne. Na Inna mai murfi, nata, da nawa mai shuɗin baki. Ta riga ta zuba min, har da yaji a gefe, ba a kai ba, yadda nake so.

Na tsaya ina kallon kwanon.

"Wa ke nan?" in ji Inna, tana ƙanƙance ido. "Sumayya? Innalillahi! Lafiya? An rufe bodar ne?"

Tsoron da ke muryarta na gaske ne. Nan na gane ba ta san komai ba.

Yaya ba ta juyo ba. Ta ce, "Wanke hannu ki ci, kin sha rana."

"Yaya, ina fasfona?"

"Ki ci abinci tukuna."

"Tun yaushe kika auna shinkafar nan da ni?"

Inna ta ce, "Ni dai na ji awon ya yi yawa, na ce ko sabo ne. Bilki, mi ke faruwa?"

Na durƙusa na sa wa Inna fasfon Baba a hannu, da yankakken ƙyallen. Ta shafa bangon, ta kai shi kusa da ido. Ta san shi ko ba ta gani, ita ta ɗinke shi ya fi sau ɗari.

"Bilki," ta ce a hankali. "Addu'ar da na yi jiya, a kan wannan na yi ta?"

Sai a lokacin Yaya ta juyo, da ludayi a hannu.

"To ya kuke so in yi? Inna, ke kin ce Allah shi tsare kin koma ɗaki. Ni ke jin rediyo. Ni ke jin abin da ake yi wa mutane a hanyoyin nan. Wannan da ko kazar maƙwabta ta shigo sai ta hau gado, ita za ta kwana a tashar Lome?"

"Ke kika ce zan iya," na ce. "Ke kika ce wa Inna ta bar ni."

"Na ce! Na ɗauka wasa ne. Na ɗauka in kin sayi jakar kin rataya kin duba madubi, shi ke nan. Sai na ga kin yi fasfo. Sai na ga kin sa rana."

"Sai ki ce min kar in je."

"In ce miki, ki dube ni yadda kike duban Inna wata shida?" Ta jefa ludayin cikin tukunya. "Na ce bari boda ta maido ki, ki ce ba rabo, ki huce."

"Da fasfon Baba? Kin san tsare ni aka yi? Mutane suna leƙe ta taga, ana tambayata wa ya sayar da ni?"

Ta rufe tukunyar. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Shi kaɗai ne girmansu ɗaya."

Na yi ta jira ta ce min in yi haƙuri. Maimakon haka sai ta zauna a kan turmi ta dubi ɗakin da kekenta yake.

"Ni shekarata goma sha shida a kan kujerar can. Maraɗin nan da ke nan kusa da mu, sau biyu na taɓa zuwa, duka biyun ta'aziyya. Ina ɗinka miki aljihun jaka ina cewa, to, ita ta tafi, ni in yi ta yi wa matan ƙauyukan Gangara da Riko kayan suna har idona ya koma irin na Inna. Kin taɓa cewa, Yaya, zo mu je tare? Ko da wasa?"

Ban taɓa ba. Gaskiya ce, kuma ta shige ni. Amma na tuna hannunta a kan ƙirjina jiya tana dafa ƙunshin, na tuna ta ɗauki jakata a kai har tasha, tana ba ni dariya, alhali ta san da azahar zan dawo in ci shinkafa. Tausayin ya taso, ya tarar da wannan, ya koma.

"Ba ta abinta," in ji Inna.

"Inna, ke fa kika fara cewa a'a."

"Na ce a'a a gabanta. Da na ce to, a gabanta na ce. Tashi ki ɗauko."

Yaya ta shiga ɗaki. Na ji ta jawo ƙaramar aljihun keken, inda take ajiye allurai da ƙwaryar zare. Ta fito ta ajiye fasfon a kan tabarma, ba ta ba ni a hannu ba. Alli na shata yadi ya ɗan shafi bangon.

Inna ta lalubi ƙyallen. "Kawo allura. Da kaina zan yi."

Na kawo mata. Ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar sama wajen haske, ta soka, ya wuce ta gefe. Ta sake. Ta sake. Yaya ta miƙo hannu, kamar yadda take yi kullum in Inna ta kasa.

Na riga ta. Na ɗauki fasfon daga kan tabarma na sa a aljihun hijabina na ja zif.

"Inna, ki yi min addu'ar haka nan. Zan riƙe shi inda nake ganinsa."

Hannun Yaya yana nan a miƙe, babu abin da aka sa a cikinsa. Inna ta dafa kaina ta yi addu'ar, gajera. Na bar mata fasfon Baba a cinya.

"Ba za ki ci ba?" in ji Yaya, da na saɓa jakar.

"Na ƙoshi."

Ba ta raka ni ba a wannan karon, ni ma ban waiwaya ba.

La'asar ta yi na sake tsayawa gaban Hajiya mai tabarau. Ta duba hoton, ta dube ni, ta ce lallai wannan idon nawa ne. Ta tambaye ni wa ya yi min musanyen. Na ce kuskure ne aka yi a gida. Ta ce hmm. Ta buga hatimin a shafin farko, ta hura shi, ta ce in riƙa kiran gida duk garin da na sauka.

Shekara goma sha huɗu ina tunanin ƙarar hatimin nan. Na ɗauka zan yi tsalle, ko in yi kuka. Na ce na gode, na fita.

Wata motar na samu, ba wanda na sani a ciki. Ba wuri a but, saboda haka na rungume jakar a cinya. Muna wuce garin Ɗan Isa wayata ta fara ƙara. Yaya Bilki. Na bar ta ta katse, ta sake kira, na sake bari. A da in na yi haka sai in tura saƙo. Na buɗe wurin rubutun na daɗe ina kallonsa, na mayar da wayar aljihu.

Gonakin gero suna wucewa, irin namu sak. Babban yatsana ya sauka a kan igiyar jakar, inda aka sake bin ta da baƙin zare, layi biyu, a miƙe, ba a ganin inda ya fara. Na duba ɗaya igiyar, haka. Aljihunan ciki, haka. Wata huɗu wannan ɗinkin zai riƙe min kayana a baya, kuma na san ba zai tsinke ba.

Rezar Sadisu tana cikin aljihuna tare da fasfon. Na taɓa ta, na bar ta a inda take. Direba ya ce masu sauka Maraɗi su fara haɗa kayansu.